Kaburbura a tsakiyar gonakin Somme

Hanyar da ta tashi daga garin Albert ta nufi Bapaume, a arewacin Faransa, miƙaƙƙiya ce sambal, tun zamanin Rumawa aka shata ta, kuma tsawonta bai kai kilomita 20 ba. Hagu da dama gonaki ne iya ganinka, ba shinge, ba itatuwa sai ɗan kurmi can da can a kan tudu. A ƙarshen kaka muka bi ta, ni da ƙanena da ke karatu a Amiens, shi ne a kan sitiyari. An riga an girbe alkama, ana kan haƙar dankali da wani farin tushe da ake matsar sukari daga cikinsa, wanda ake jibgewa tsibi-tsibi a bakin hanya ana jiran manyan motoci. Baƙon da bai san tarihin wurin ba zai ce ƙauyukan manoma ne kawai. Amma ba ka minti biyu kana tafiya sai ka ga ƙaramin allo kore da farin rubutu yana nuna wata 'yar turba, a ƙarshenta kuma ga katangar bulo ko ta dutse, da farin gicciye ya leƙo sama, a tsakiyar gonar wani.

A nan aka gwabza yaƙin Somme, a cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1 ga Yuli zuwa 18 ga Nuwamba 1916, sojojin Birtaniya da Faransa a gefe guda, na Jamus a ɗaya gefen. Kafin ranar farko an kwashe mako guda ana yi wa ramukan Jamusawa ruwan harsasan igwa, sama da miliyan ɗaya da rabi, bisa zaton ba mai saura. Ashe Jamusawa sun haƙa ɗakuna masu zurfi a cikin farin dutsen alli da ke ƙarƙashin ƙasar, suka lafe suna jira. Da ƙarfe 7:30 na safe hafsoshi suka busa usur, samari suka fito daga ramukansu suka kama tafiya a fili, Jamusawa kuma suka haura da bindigoginsu masu jigida. Kafin faɗuwar rana rundunar Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, 19,240 daga cikinsu sun mutu. Bapaume da aka sa ran kamawa cikin ɗan lokaci ba a kai gare ta ba har faɗan ya lafa. Idan aka haɗa dukan ɓangarorin, sama da mutum miliyan ɗaya ne suka mutu ko suka jikkata, ƙasar da aka ci kuwa kimanin kilomita 10 ce.

Abin da ya sa maƙabartun suka warwatsu haka, ɗaruruwa a ɗan yanki ɗaya, shi ne an binne mutane da yawa kusa da inda suka faɗi, a bayan ramin yaƙi ko gefen tantin likitoci. A watan Disamba 1915 Faransa ta yi dokar da ta ba da filayen nan kyauta, har abada, domin binne sojojin ƙawayenta. Birtaniya kuma ta yanke shawarar ba za a mayar da gawa ko ɗaya gida ba. Da manoma suka dawo bayan yaƙi, sai suka tarar da matattu sun riga su zama a gonakinsu, suka ci gaba da huɗa suna kewaye katangun har yau.

Wadda ta fara ratsa ni ƙarama ce, kusa da ƙauyen Mametz. Ka ajiye mota a bakin titi, ka hau 'yan matakala cikin wani kurmi, sai ga ta: dogayen layuka biyu na fararen duwatsu, kaburbura 163, kusan duka na sojojin bataliyoyi biyu daga yankin Devon na Ingila. Daga ramin da ke wannan wuri suka fita a safiyar 1 ga Yuli, bayan kwana uku kuma abokansu suka kwaso gawarwakinsu suka binne su a cikin ramin nan dai. A ƙofa akwai dutse da aka rubuta cewa mutanen Devon ne suka riƙe wannan rami, kuma har yanzu su ke riƙe da shi. Na bi layin ina karantawa. Kwanan wata ɗaya ne a kan dutse bayan dutse, wasu duwatsun ma sunaye biyu ko uku suke ɗauke da su, domin yadda aka jera mutanen kafaɗa da kafaɗa bai bar wa kowa filin kansa ba.

Kowane dutse tsarinsa ɗaya. A sama tambarin runduna, sai lambar soja da muƙaminsa da sunansa, ranar mutuwa, shekarunsa idan iyali sun bayar, alamar addininsa, a can ƙasa kuma daf da ciyawa 'yan kalmomin da iyaye ko mata suka zaɓa, waɗanda aka ƙayyade kada su wuce haruffa 66. Sai ka durƙusa kafin ka karanta su, kuma su ne suka fi kowane abu nauyi a wurin. Wata uwa ta ce ɗanta ne tilo. Wani uba ya sa sunan da ake kiran yaron da shi a gida. Shekarun kuwa 19, 20, 22, can ka ga mai 35 ka ce wannan ya bar iyali.

A jikin katangar ƙofa akwai wata 'yar taga ta tagulla. Ƙanena ya buɗe ta ya ce, "Yaya, zo ka ga wani abu." Littattafai biyu ne a ciki, ba makulli, ba mai gadi. Ɗaya rajistar matattu ce, da sunan kowa da na iyayensa da unguwar da ya fito da layin kabarinsa. Ɗayan na baƙi ne, kowa ya zo ya sa hannu. Shafukan sun yi laushi saboda raɓa. Mutanen da suka rubuta a makon daga Ingila suke, da Ostareliya, da Holan, wasu yaran makaranta ne, wasu kuma sun rubuta lambar kabari suka ce na kakan mahaifinsu ne. Irin wannan taga tana nan a kusan kowace maƙabarta da Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta ƙasashen Commonwealth ke riƙe da ita. Ciyawar a aske take tas, furanni na jere a gindin duwatsu, kuma a wata maƙabartar mun iske ma'aikaci a tsugune yana sabunta haruffan da ruwan sama ya cinye.

Daga nan muka wuce La Boisselle, inda ramin Lochnagar yake. Masu haƙar ma'adinai da aka sa wa kaki sun yi watanni suna tona hanya ta ƙarƙashin ƙasa har ƙasan sansanin Jamusawa, suka cusa nakiya kimanin tan 27, aka tayar da ita da ƙarfe 7:28, minti biyu kafin farmaki. Ramin da ta bari faɗinsa ya kai mita 90, zurfinsa ya haura mita 20. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Richard Dunning ne ya sayi filin a 1978 don kada a cike shi a mayar gona, kamar yadda aka yi wa wasu ramukan. Mun zaga shi a kan dakalin katako, ba mu daɗe ba, iska ta yi yawa.

Abin da ya fi ramin tsaya mini a rai a gefen wata gona na gan shi, a gindin falwayar lantarki. Ƙarafa ne guda uku masu tsatsa, laka ta lulluɓe su, kowanne ya kai tsawon damtse. Harsasan igwa ne da ba su fashe ba. Mai gonar yana kusa yana gyara wani abu a jikin taraktarsa, dattijo ne mai jan fuska, ƙanena ya gaishe shi da Faransanci suka taɓa hira yana fassara mini. Ya ce kowace shekara garma sai ta tono su, injin haƙar dankali ma yakan ɗauko gurneti ya haɗa da amfanin gona, shi ya sa ake sa ido sosai wajen tancewa. Idan sun samu sai su ajiye a bakin gona su sanar, jami'an kwance bam su zo su kwashe. Ya ja mana kunne kada mu taɓa, domin wasu na ɗauke da iskar guba, kuma tsufa bai kashe su ba. Mutanen yankin suna kiran wannan girbin ƙarfe. Kaso mai yawa na harsasan da aka harba a 1916 ba su tashi ba, saboda gaggawar ƙera su da kuma laushin taɓon da suka faɗa ciki, kuma a faɗin tsohon fagen daga na Faransa da Beljiyam ana tattara ɗaruruwan tan duk shekara. Ya nuna mana wata gona da aka kafce a gangaren tudu. A cikin baƙar ƙasa ga wani farin zane yana lanƙwasa yana tafiya. Allin da sojoji suka tono lokacin haƙa ramuka ne, shekara ɗari da ɗoriya ana noma a kai bai ɓace ba.

Ba ƙarfe kaɗai ƙasar ke fitarwa ba. Har yanzu masu gina hanya da masu shimfiɗa bututu suna cin karo da ƙasusuwa, wani lokaci da maɓallin riga ko cokali mai lamba da za a gane mutum da shi. A Fromelles, can arewa, an tono gawarwaki 250 na sojojin Ostareliya da Birtaniya a 2009, aka gina musu sabuwar maƙabarta a 2010, aka kuma gano sunayen da yawa daga cikinsu ta hanyar gwajin ƙwayoyin halitta na danginsu.

A Beaumont-Hamel an bar fili kimanin hekta 30 yadda yaƙi ya bar shi. Ciyawa ta rufe ramukan, amma suna nan da karkacewarsu, kana iya tafiya a ciki. Ɗalibai 'yan Kanada ne ke yi wa baƙi jagora. Wata daga cikinsu ta kai mu inda sojojin tsibirin Newfoundland, wanda yau ke cikin Kanada, suka fito, kimanin mutum 800, ta nuna mana gangaren da suka bi. Tafiyar 'yan mintuna ce da ƙafa. Washegari da aka yi kiran suna, 68 ne suka amsa. Tsibirin na masunta ne, jama'arsa kaɗan, da wuya a sami ƙauyen da bai yi zaman makoki ba. Mutum-mutumin wata barewar ƙasarsu na tagulla yana tsaye a kan tulin duwatsu yana fuskantar inda suka nufa.

Daga wurare da dama a yankin kana hango Thiepval a kan tudunsa, wani jibgegen gini na jan bulo da farin dutse, tsayinsa mita 45, ƙofofi masu baka a kan ƙofofi masu baka. Edwin Lutyens ne ya zana shi, aka buɗe shi a 1932. Sai ka shiga ƙarƙashinsa ka gane dalilin siffar: ginshiƙai 16 aka yi domin a sami isasshen bango, saboda sunaye sama da 72,000 ake son rubutawa, na sojojin Birtaniya da Afirka ta Kudu da suka mutu a Somme ba a san kabarinsu ba. Wasu igwa ta yi raga-raga da su, wasu taɓo ya haɗiye su, wasu kuma suna kwance a maƙabartun da muka wuce, ƙarƙashin dutsen da aka rubuta wa "Sojan Babban Yaƙi, Allah ne ya san shi". Marubucin nan Rudyard Kipling ne ya zaɓi kalmomin, shi ma ɗansa ya ɓace a yaƙin Loos a 1915, har ya mutu bai ga kabarinsa ba. Sunayen sun hau sama har inda ido ba ya iya karantawa. Jefi-jefi za ka ga gurbi a cikin jerin, an cike haruffan an shafe. Wannan albishir ne: an gano gawar mutumin, an yi masa kabari da sunansa, ba ya cikin ɓatattu kuma.

Ina ganin girman abin da Fabian Ware da hukumar kaburburan da ya kafa a 1917 suka yi. Kafin lokacin, janar ake gina wa hasumiya, kurtu kuma a tura shi rami ɗaya da sauran. Su suka ce kowane mamaci za a rubuta sunansa, dutse iri ɗaya ga hafsa da farabiti, mai kuɗi da talaka. Iyalai masu hali sun yi ta ƙorafi, suna son ɗauko 'ya'yansu ko su gina musu abin da suka ga dama, har maganar ta kai gaban majalisar dokoki a 1920, aka tsaya a kan daidaito. A maƙabartar da ke kan hanyar Guillemont na ga kabarin Raymond Asquith, ɗan firaministan Birtaniya na lokacin, wanda aka kashe a Satumba 1916. Dutsensa bai fi na maƙwabtansa ko da ɗan yatsa ba.

Maƙabartar Jamusawa da ke Fricourt daban take. Ba farin dutse, ba furanni, sai baƙaƙen gicciye na ƙarfe a ƙarƙashin inuwar itatuwa, gicciye ɗaya na iya ɗaukar sunaye huɗu. Mutum kimanin 17,000 ne a ciki, kusan 12,000 a manyan kaburbura huɗu na bai ɗaya, domin ƙasar da aka ci da yaƙi ba ta sami fili mai yawa ba. Wata ƙungiya da aka kafa a Jamus a 1919 ce ke kula da ita, da gudummawar jama'a. A tsakanin gicciyen akwai duwatsu masu tauraron Dauda, na Yahudawan da suka mutu suna kare Jamus, ƙasa da shekara ashirin kafin ƙasar ta juya kan danginsu. Mu kaɗai ne a wurin. Waɗannan ma 'ya'yan wasu ne, shekarunsu ɗaya da na Devon, kuma na ji ba daɗi da ƙarancin masu zuwa.

A Rancourt, kan hanyar Péronne, maƙabartu uku ne ke kallon juna a tsakiyar gonaki: ta Faransa mai mutum sama da 8,500, ta Jamus mai sama da 11,000, da wata 'yar ƙarama ta Birtaniya da ba ta kai ɗari ba. Ina tafe cikin gicciyen Faransawa sai na hango wasu duwatsu masu wata siffa, kansu a lanƙwashe kamar bakin mihrabi. Na matsa. Jinjirin wata da tauraro ne a sama, a ƙarƙashinsu rubutun Larabci, haza ƙabrul marhum, sannan ƙaramin allo da suna da boko, da lambar runduna, da kalmomin da Faransa ke sa wa duk sojanta, cewa ya mutu domin Faransa. Ahmed ben wane, Mohamed ben wane, mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko. A kudancin kogin Somme kuma, a Dompierre, inda rundunonin mulkin mallaka suka yi faɗa a watan Yulin 1916, sunayen sun ƙara matsowa kusa: Mamadou, Moussa, Bakary, wasu suna ɗaya tak ba na uba, yadda magatakardan soja ya ji ya rubuta.

Mun tsaya muka yi musu sallamar da ake yi wa ma'abota kabari, muka yi addu'a. Ƙanena ya ce, "Yaya, anya akwai wanda ya taɓa zuwa daga gidajensu?" Ban ba shi amsa ba, tambayar ta yi mini nauyi. Uwar ɗan Devon ta sami wasiƙa, ta sami hoton kabari, an tambaye ta abin da za a rubuta, wataƙila ma ta tsallako teku ta gani da idonta. Uwar Moussa abin da ta sani shi ne an tafi da shi, bai dawo ba.

Ana kiransu 'yan bindigar Senegal, amma daga duk faɗin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka aka kwaso su, ƙasashen da yau ake kira Mali da Gini da Burkina Faso da Benin da Kodebuwa da Nijar. Kimanin 200,000 aka ɗauka a lokacin yaƙin, wajen 135,000 suka zo Turai, kusan 30,000 suka mutu. Da yawa ba da son ransu ba: ana yanka wa sarki ko mai gari adadin samarin da zai kawo, ya nemo su ko ta halin ƙaƙa. Mutane sun yi ta gudu suna tsallaka iyaka, a yankin kogunan Bani da Volta kuma jama'a suka ɗauki makami a 1915 da 1916, aka murƙushe su da igwa. A 1918 aka tura Blaise Diagne, baƙar fata na farko daga Afirka da ya shiga majalisar dokokin Faransa, ya zagaya da alkawuran 'yanci da sassauci, ya samo sama da 60,000. Sanyi ya kashe su kamar yadda harsashi ya kashe su, shi ya sa ake janye su zuwa sansanonin kudu irin na Fréjus idan hunturu ya shigo. A Chemin des Dames, ranar 16 ga Afrilu 1917, an tura su gaba cikin ƙanƙara da ruwa, hannuwan wasu sun sandare har ba sa iya sarrafa bindiga, dubbai suka faɗi. Duk da haka zan faɗi gaskiya: waɗanda suka mutu a ƙasar Faransa aka kuma gane su, an ba su kabari da suna da alamar addininsu, a maƙabarta ɗaya da Faransawa.

Kurmin Delville, kusa da Longueval, na Afirka ta Kudu ne. Birged ɗinsu, Turawa zalla, sama da mutum 3,000, ta shiga kurmin ranar 15 ga Yuli 1916 da umarnin ta riƙe shi ko ta halin yaya. Bayan kwana shida, waɗanda suka amsa kiran suna ba su kai 800 ba. Itace ɗaya ne ya tsira daga wutar, yana nan an kewaye shi, sauran duk sabon dashe ne, ƙasan kuma har yau tudu da kwari ce saboda ramukan harsashi. An buɗe ginin tunawa a 1926, gwamnatin wariyar launin fata ta ƙara gidan tarihi a 1986. Shekara da shekaru wurin bai ce komai ba game da baƙaƙen fata sama da 20,000 da aka kawo Faransa aikin lebura, suna sauke kaya a tashoshin jiragen ruwa, suna sare itace, suna fasa dutse, an hana su riƙe bindiga, bayan yaƙi kuma gwamnatinsu ta hana su lambar yabo. Sama da 600 daga cikinsu sun nutse a jirgin ruwan Mendi ranar 21 ga Fabrairu 1917, kafin su taka ƙasar Faransa. Sai a 2014 aka ɗauko gawar ɗaya daga cikin leburorin, Myengwa Beleza, aka sake binne shi a Delville, a 2016 kuma aka buɗe bangon da ya jera sunayen dukan 'yan ƙasar da suka mutu bisa tsarin haruffa, ba launi ba muƙami.

A gaban bangon nan na tuna da rahoton da ita kanta hukumar kaburburan ta fitar a Afrilun 2021, wanda ya sa sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. Rahoton ya ce mutum tsakanin 45,000 da 54,000, akasari 'yan Afirka da Indiya da Masar, ba a karrama su daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Mafi yawansu a Gabashin Afirka suka mutu, 'yan dakon da ke ɗaukar abinci da harsashi a ka, yunwa da zazzaɓi da atini suka gama da sama da 90,000 a ɓangaren Birtaniya kaɗai. A can ne sojojin Najeriya da na Gold Coast (Ghana ta yau) suka yi yaƙi bayan sun gama da Kamaru, na Najeriya suka sha wuya a Mahiwa a Oktoban 1917. A 1923 gwamnan Gold Coast ya ce talakan ƙasar ba zai fahimci dutsen kabari ba balle ya san darajarsa, jami'an hukumar kuma suka bi irin wannan ra'ayi. Aka bar kaburburan Afirka daji ya cinye, aka kafa mutum-mutumi a Nairobi da Mombasa da Darussalam ba suna ko ɗaya. Mutanen da suka tsaya kai da fata a Landan cewa ɗan firaminista bai fi ɗan lebura ba, su ne suka sa hannu a wannan. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kyan wuraren da na gani a Somme ne ya ƙara ɓata shi, domin ya nuna sun san yadda ake yi.

Kafin mu koma Amiens mun hau arewa zuwa yankin Arras. Mun wuce Neuville-Saint-Vaast, inda Jamusawa sama da 44,000 ke kwance a fili ɗaya, muka wuce tudun Vimy na 'yan Kanada, inda tumaki ke kiwo a wuraren da aka killace saboda ba a yarda a sa injin yankan ciyawa a kan abin da ke binne ba. Muka hau tudun Notre-Dame-de-Lorette, maƙabartar soja mafi girma a Faransa, mai mutum sama da 40,000. A gefe guda akwai sashen Musulmi, kaburbura ɗari biyar da wani abu, an karkata su daga layin sauran domin su fuskanci alƙibla, sun jeru kamar sahun salla. Dattawan yankin, 'yan sa kai, su ke karɓa-karɓar tsaron wurin da tarbar baƙi.

A tsallaken titi akwai wani ƙaton zobe da aka buɗe ranar 11 ga Nuwamba 2014. Alluna 500 ne na ƙarfe, an zana musu sunayen kusan mutum 580,000 da suka mutu a wannan yanki na arewa, bisa tsarin haruffa kawai, ba ƙasa, ba muƙami, ba addini, wanda ya yi harbi da wanda aka harba a layi ɗaya. Wani ɓangare na zoben yana reto a kan gangare ba abin da ya tokare shi, da gangan aka yi shi haka don a nuna zaman lafiya ba shi da tabbas. Mun je harafin M, muka iske Mohamed da Muhammad na Arewacin Afirka da na Indiya jere, ba nisa da Martin da Müller.

An iya gina zoben ne domin akwai magatakardan da suka rubuta sunayen tun farko, da ma'aikatun da suka adana takardun. Aikin da ya rage wa matattun Afirka ke nan, kuma an fara shi, ko da yake a makare. Masu bincike na hukumar suna bin tsoffin rajistocin albashi da na asibiti a ɗakunan adana takardu na Kenya da Saliyo da wasu ƙasashe, suna tsamo sunaye ɗaya bayan ɗaya, suna kuma tambayar dattawan ƙauyuka inda aka binne mutane. A Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a birnin Cape Town domin leburorin soja sama da 1,700 da a da ba a ambace su ko'ina ba, kowanne an kafa masa dogon katako da sunansa da ranar rasuwarsa. Can nake da niyyar zuwa nan gaba, in Allah ya yarda, daga nan kuma in bi ta Tanzaniya in ga Mahiwa.